Sulusin da Na Yi wa Abokina Alkawari

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, ni ne tafintan layinmu a Zongon Wagadugu. Fataucin atamfa ya kai ni Ikko da Kumasi da Abidjan, har Jidda, kuma duk inda na sauka sai na tsinto wani abu daga harshen mutanen wurin. Wanda takarda ta rikita, ƙofata yake bugawa. Abu ɗaya ne ban koya ba a kowane harshe: in ce ban sani ba.

Ina da aboki Ba'adare, direba. Ya kusa shekara talatin yana jan manyan motocin mutane tsakanin Wagadugu da Lome. Takardu kuwa masu mota ke yi, shi dai a miƙa masa, ya miƙa wa jandarma. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya haɗa abin da ya tara da kuɗin gonar gadonsa, ya sayi tsohuwar mota, aka shafa mata koren fenti ta zama taksi.

"Bakano, tashi ka raka ni wajen asirans," in ji shi. "Faransancina bai wuce gaisuwa da ba da haƙuri ba."

Asirans muke ce wa inshora a nan. Ofis uku muka shiga ranar muna neman sauƙi, ina gaba sanye da babbar riga, yana biye da ni. A na ƙarshe, wata ma'aikaciya ta nuna mana iri biyu. Ɗaya ya rufe komai, amma kuɗinsa ya sa abokina ya cire hula ya yi fifita. Ɗayan mai araha ne ƙwarai, ta kira shi da kalmar "tiyar".

Kalmar nan na san ta. A kasuwar Abidjan, in ana rabon riba, tiyar shi ne sulusi, kashi ɗaya cikin uku. Ban tambayi kowa ba. Na juya na ce masa, "In wani abu ya sami motar, za su ba ka sulusin kuɗinta."

Ya yi murmushi ya ce, "Sulusi ai ba kaɗan ba ne. Ko a wasiyya nan aka tsaya." Ya sa hannu. Da rarar ya saya mana tsire, muna ci ina yabon kaina.

Wata bakwai bayan haka, da tsakar rana, birki ya ƙwace masa kusa da madatsar ruwan Tanghin. Ya kauce wa wasu mata a kan babur, ya bugi amalanken jaki na wani mai kayan lambu, ya ƙare a jikin gada. Hannunsa ya karye, jakin ya mutu, motar ta tashi daga aiki.

Muka koma ofishin, hannunsa rataye a wuya. Ma'aikaciyar ta saurare ni har na gama, sannan ta yi mini bayani a hankali. Tiyar a wurinsu ba sulusi ba ne. Mutum na uku ake nufi, wato wanda ka buge. Mai jaki za a biya. Mai mota ba shi da ko dala. Ta juya ta faɗa wa abokiyar aikinta wata magana da Mosanci, harshen mutanen garin, ni kuwa kunnena ya riga ya toshe.

"Me ta ce?" in ji abokina.

Na ce, "Wai doka ta canza bana."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri."

Ya sayar da gangar motar ga masu ƙarfe a unguwar Gounghin, ya koma kiran fasinja a tasha da hannun da bai ƙara miƙewa daidai ba. Shekara shida muna cin tuwo a kwano ɗaya a ƙofar gidana, maganar tana maƙale a wuyana. Sai da ciwo ya kama shi, ya ce zai koma Adar wurin danginsa, na raka shi tasha, sannan na iya buɗe baki. Na ce doka ba ta canza ba, ni ne na yi kuskure, kuma na yi masa ƙarya.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Bakano, kai da harsunanka biyar! Amma a Mosanci na fi ka. Matar nan cewa ta yi, wannan mai babbar rigar ne ya fassara wa bawan Allah ba daidai ba. A gabanka na ji."

"To me ya hana ka magana?"

"Mota ta riga ta tafi. In na yi magana, kunya ta raba ni da kai. Da wa zan ci tuwo?"

Bai kai damina ta biyu a gida ba, aka aiko mini da rasuwarsa.

Na ga garuruwa da yawa, na zauna da masu ilimi, amma ban ga wanda ya riƙe bakinsa shekara shida don ya rufa wa abokinsa asiri ba sai shi. Har yau ana kawo mini takarda. Nakan sa tabarau in duba, in akwai kalma ɗaya da nake shakka, sai in ce, "Ban sani ba, mu je mu tambaya." Ba ta da wuyar faɗa. Abokina ne ya biya mini kuɗin koyonta, da motarsa da gonar ubansa.