Kujerar da Na Hana Malam Sule

Jama'a, da Allah zai dawo min da yini ɗaya in gyara, ba ranar da gobara ta ci min kaya zan zaɓa ba, sai ranar da na ƙi matsawa wani bawan Allah ya zauna kusa da ni. Wallahi ba ji na yi ba, ni abin ya faru da ni.

Shadda nake sayarwa a Kasuwar Kurmi, gidana a Mandawari. Da motocin nan da ake kira ta waya suka shigo gari, ɗana ya saka min a wayata, ya ce iri biyu ne: ko ka ɗauki shata kai kaɗai, ko haɗaka, a ɗebo ku da duk wanda hanya ta haɗa. Ni kuwa ba wanda na raina irin 'yan haɗakar nan. A ganina matsiyata ne masu kwaɗayin sanyin mota ba su da halinta, a cusa ka da mai tari da mai warin gumi, wannan ya take maka babbar riga, waccan tana ihu a waya kamar da baki take kiran na Zariya.

Ran nan bayan azahar zan je yi wa wani attajiri barka da dawowa daga Umara, na sha wanki da guga, na yi turare, ga shi na manta tabarau, ashe haɗaka na danna. Muna zuwa wajen Kabara direba ya tsaya. Wa zan gani? Malam Sule, tsohon ɗan dakon da ke sauke buhunan citta da kanumfari a kasuwarmu, ya dafe ƙirji, wai wani mai shago ne ya kira masa mota zuwa asibiti.

Na ce wa direba, «Kai, ja mu tafi, a mayar da ita shata.»

Malam Sule ya leƙo ta taga ya ce, «Alhaji, ba arha nake bi ba. Ƙirjin nan ne. Direba hanya yake kallo, ni kuwa so nake in ta Allah ta zo a sami na kusa da zai tuna min kalmar shahada.»

Na ce, «Yo ni limamin unguwarku ne? Ka ga kayan da ke jikina kuwa? Allah ya sawwaƙe.» Na ɗaga gilashi.

Tir da wannan baki nawa.

Ba mu fita daga cikin gari ba, rana tsaka fa, mutane na ta harkokinsu, sai na ji ƙamshin citta ya cika motar har ya danne turarena, na waiga, kujerar da ke gefena ta lotsa kamar an zauna, kuma babu kowa. Innalillahi! Sai numfashi, irin na wanda ya hau tudu da kaya, daf da kunnena. Sai murya can ƙasa-ƙasa: «Alhaji, tuna min.»

Kalmar da nake faɗa tun ina yaro, na buɗe baki, harshena ya ƙi. Na manne da ƙofa ina jiƙa shaddar da nake wa tattali da gumi. Numfashin ya yi ta ja, ya yi ta ja, can ya ɗauke.

Direba ya dubi madubi ya yi murmushi, ya ce, «Ashe dai ka tausaya wa Baba. Ni ban ma ga shigarsa ba. Barci ya yi ne?»

Ban ƙara bi ta kan zuwa gidan attajirin ba. Washegari a kasuwa na ji cewa Malam Sule adaidaita ya samu, shi kaɗai a baya, sai da suka isa ƙofar asibiti mai adaidaitan ya juyo ya tarar rai ya yi halinsa. Ba wanda ya san me ya faɗa a ƙarshe.

Na tambayi malamai, wani ya ce shaiɗan ne, wani ya ce firgita ce, in yi sadaka. Na yi. Amma tun daga ranar, duk sanda na ɗauki shata, direban da bai taɓa ganina ba sai ya dubi bayana ya ce, «Ku biyu ne, Alhaji?» Sai in mota ta cika maƙil ne ba a tambayata.

Yanzu haɗaka nake shiga, tsakiya ma nake zama. 'Yan uwana masu manyan riguna suna dariya wai karayar arziki ta kama ni. Su yi ta yi, wawaye, kowa ya ƙule a bayan mota shi kaɗai kamar gawa a makara, yana ganin ya isa.

Don Allah ku da kuke karantawa, in hanya ta haɗa ku da mutum, ku matsa masa. Ba ku san abin da yake nema a gefenku ba.