Ranar da surukina ya ɗauki ɗana aikin korar tsuntsu

Shekarun baya, lokacin ɗana na fari yana da shekara shida, babu abin da nake nema a duniya kamar in ga ya zauna wuri ɗaya. Yana da galahanga. Likita ne ya gaya mana sunan lalurar, bayan mun sha hayaƙi da rubutu har mun gaji. Maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi ba, ba ya son a haɗa ido da shi, kuma da ya ga ƙofa a buɗe sai gudu, yana kaɗa hannuwa yana ihu. Sau biyu ana tsinto mana shi a bakin titi, na biyun saura ƙiris mai Keke ya kaɗe shi.

Sai na yi abin da na ɗauka gata ne, na kulle shi a ɗaki. Katifa, fanka, da tsohuwar wayata. Likitan ya ce mu riƙa barinsa yana motsa jiki sosai, na ce to, amma a raina dariya na yi. A ganina motsa jiki na masu tumbi ne, waɗanda ke zagaye filin ƙwallo da safe. Yaron da motsi ya riga ya yi masa yawa, kuma a ce in ƙara masa?

Cikin 'yan watanni yaron ya lalace a gaban idona. Barci ya ƙaurace masa, abinci sai an yi kokawa, ya kan kwana uku bai zaga ba. Daga baya ya fara buga kansa da bango, har goshinsa ya yi baƙi. Ina shagona na ɗinki, ina taka keke, amma hankalina yana kan wannan goshi. Tsoro nake ji ƙwarai kada wata rana ya yi wa kansa illar da ba ta gyaruwa, kuma duk da haka ban taɓa zargin kullen ba.

Ana nan sai surukina ya kawo mana ziyara daga Zabarmari. Manomin shinkafa ne, dattijo marar yawan magana, kuma tsakanina da shi akwai kunya, gaisuwa kawai muke yi in sunkuyar da kai in fice. Ya ce a fito masa da jikansa. Ya daɗe yana kallon goshin, ya yi wa 'yarsa, wato matata, wata magana da Kanuri wadda ban kama ba, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ka ba ni aron abokin nan nawa. Ina da aiki, na rasa mai yi."

Na so in ce yaron ba ya iya komai, amma wa ke musu da suruki? Washegari da safe muka tafi mu uku, ina riƙe da wuyan hannun yaron tamau tun daga tasha.

Lokacin shinkafa ta fitar da kai, ta fara yin ido, kuma lokacin ne tsuntsun nan jan-baki ke sauka garke-garke ya tsotse ta. Gonar tana kusa da gari, domin a shekarun nan ba mai yin nisa saboda rashin tsaro. Aikin kora na yara ne. Ana ɗaura igiyoyi da gwangwanaye masu tsakuwa a ciki, yaro ya ja su yi ƙara, in tsuntsu ya ƙi tashi sai yaron ya bi gefen gona da gudu yana ihu yana ɗaga hannuwa. Wuni guda ake yi, kuma yaran sun tsani aikin, da an kau da ido sun koma inuwa.

Dattijon ya dubi hannuna, ya ce, "Sake shi."

Na ce, "Baba, gudu zai yi."

Ya ce, "Shi na kawo shi ya yi."

Na sake shi. Ya kwasa da gudu a kan kunyar da ta raba gona biyu, hannuwa sama, da ihun nan nasa da ya sa maƙwabta suka daina gaishe mu da fara'a. Sai wani garken tsuntsu ya tashi daga cikin shinkafar gaba ɗaya, yawansa har ya yi inuwa, ya juya a sama kamar ana kaɗa zani. Yaron ya tsaya cak, ya ɗaga kai yana kallo. Sannan ya yi dariya. Wallahi na manta rabon da in ji wannan muryar.

Da suka sauka a can ƙarshen gonar ya sake bin su. Ya faɗi cikin taɓo, ya tashi, ya ci gaba. Yaran da ke inuwa suka taso suka bi bayansa, babu wanda ya ce masa ya yi shiru, babu wanda ya tsaya yana kallonsa. Mai gonar kusa har ya ɗaga murya yana tambayar ko za a ba shi aron wannan jarumi gobe. Ni kuwa ina tsaye da takalmi a hannu, ina ta tasbihi.

Kafin azahar ya dawo rumfa da ƙafarsa, jiki duk laka. Aka kawo burabusko da miyar yakuwa, ya sa hannu ya ci ba tare da an lallashe shi ba, ya sha ruwa, ya kifa kai a cinyar kakansa. Da rana tsaka, yara na buga gwangwani, ɗana ya yi barci har da minshari. Surukina bai dube ni ba, ya ce a hankali abin da muke hana yaron a gida shi suke nema a gona ido rufe.

Kwana tara ya yi a can. Da ya dawo ban mayar da shi ɗaki ba. Kullum bayan sallar asuba muna zuwa filin wata makaranta a unguwarmu, shi yana gaba ni ina baya ina haki, 'yan unguwa suna tambaya ko tela ya shiga aikin soja ne. Ba zan ce muku ya warke ba, galahanga tana nan. Amma barcinsa ya daidaita, cikinsa ya saki, buga kai ya ragu har ya zama sai in an kwana biyu ba mu fita ba. Da na ba likita labari cikin zumuɗi, sai ya tambaye ni ko ba abin da ya gaya mini tun farko ke nan ba. Na sosa ƙeya.

Har yau in na tuna abin yana ba ni mamaki, yadda Allah ya sa sauƙin yaron a cikin abin da na fi tsana a jikinsa. Yana ba ni kunya kuma. Wata safiya, bayan ya girma kaɗan, na durƙusa gabansa na ce ya yafe mini watannin da na kulle shi. Ban san ko ya fahimta ba. Bai kalle ni ba. Ya dai kama wuyan hannuna da ƙarfi ya ja ni waje, domin ina ɓata masa lokacin gudu.