Kifin da Na Ba Teku Ajiya

Shekarar da na fara koyarwa a elementare, can zamanin Turawa, da aka ba mu hutun rani sai yayana ya aiko in je in gan shi a Ikko. Ya daɗe a can yana dillancin shanu. Ni kuwa ban taɓa wuce Kano ba, kuma babban ruwan da na sani duk duniya shi ne kududdufin bayan ƙauyenmu, arewa da Ɗambatta, wanda damina take cikawa, rani ya shanye.

Babanmu shi ne gwanin su a wannan kududdufi. Idan ruwa ya ja baya sai a sa rana, kowa ya faɗa laka ana lalube, shi kuwa da hannu yake damƙo tarwaɗa. A lokacin da nake magana ciwon ƙafa ya zaunar da shi a zaure. Da na je yi masa sallama sai ya ce, "Ba na son riga, ba na son goro. Kifin teku nake so, guda ɗaya tak, wanda ka kama da kanka. A yi masa banda ka kawo mini in ɗanɗana."

Na ce, "An gama, Baba," kamar wanda aka aika kasuwa sayo gishiri.

Ranar da yaya ya kai ni bakin teku, ƙararta na fara ji tun ban gan ta ba. Da muka ɓullo sai na tsaya cik. A garinmu duk inda ka duba akwai abin da zai tare maka ido: dorawa, rumbu, katangar wani. Nan babu. Ruwa ne ya tafi har ya haɗe da sama, yana tasowa yana kwanciya kamar dabbar da ke numfashi. Tsoro na ji, kuma ban so in kau da ido ba.

Akwai wata doguwar gada ta katako da ta shiga cikin ruwan ta tsaya haka kawai, ba ta haye ko'ina ba. Da farko na ɗauka masu aikin ne suka gaji. A kanta mutane ke zama suna fatsa. Yaya ya haɗa ni da wani dattijo Banufe mai jin Hausa, ya ba ni aron zare da ƙugiya da 'yar dalma, ya nuna mini yadda ake soke jatan lande a jefa.

Kwana uku ina ciyar da kifayen Ikko kyauta. In jefa, in ji an ɗan taɓa, in fizgo, in tarar da ƙugiya tas. Dattijon ya ce, "Malam, ba akuya kake ja daga gonar wani ba. Bar shi ya haɗiye tukuna." Ni da nake tsawata wa yara arba'in a aji, ga ni ana yi mini dariya.

Juma'a ce ranata ta ƙarshe, don washegari zan hau jirgin ƙasa. Da hantsi dattijon ya tafi wurin aikinsa ya bar ni. Can sai zaren ya miƙe, ya yanke ni a yatsa. Wani abu ne mai rai a ƙarƙashin duk wannan ruwa yake ja, ni ma ina ja. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da ya fito, ya kai kamu ɗaya, bayansa shuɗi, cikinsa na walƙiya kamar sabuwar tasa. Ban taɓa ganin halitta mai tsabta irin tasa ba. Na riƙe shi gam.

To ga lokacin masallaci ya gabato, masallacin da nisa, ga rana. Matar da yaya ya samo ta yi mini banda kuwa, sai la'asar take hura wuta. Na leƙa ƙasa, na ga ruwa ya ja baya ya bar duwatsu a gindin gadar, na ce alhamdu lillahi, rani ya fara kama tekun ma. Sai na yi abin da kowane ɗan ƙauyenmu zai yi: idan ka kama kifi ba ka gama su ba, sai ka sa shi a rami mai ɗan ruwa a gefe, ka rufe, ya jira ka da ransa. Na sauka na sami wani gurbi tsakanin duwatsu, na sa shi, na ɗora faffaɗan dutse. Har na yaba wa kaina.

Da na dawo bayan la'asar, babu duwatsun. Na zaci gadar na ɓata. Na ƙirga ginshiƙai, na sake ƙirgawa. Wurin da na tsaya da ƙafata a bushe, ruwa ne yake birgima a kai, ya kusa kai ƙirjin mutum. Babu hadari, ko ɗigo ba a yi ba.

Dattijon ya same ni a tsaye. Da na gaya masa, bai yi dariya ba. Ya ce, "Haka take yi. Ta tafi, ta dawo, sau biyu tsakanin dare da rana, tun da Allah ya yi ta." Muka jira har ta fara ja da baya, duhu na shirin yi. Dutsen ya gangare gefe, gurbin ba komai.

Yaya ya ce in sayi bandar kasuwa, ai Baba ba zai gane ba. Na ƙi. Na san sai ya tambaye ni yadda na yi da shi daga ruwa har wuta, ni kuwa ban iya kallon idonsa in yi ƙarya.

Na isa gida hannu rabbana. Na zauna a zaure na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Da na kai kan yadda teku take tafiya ta dawo, sai Baba ya tare ni da tambaya.

"Sau biyu?"

"Sau biyu, Baba."

"Ba wanda ya fita roƙon ruwa?"

"Ba kowa."

Ya girgiza kai yana subhanallahi a hankali. Sannan ya dube ni ya ce, "Ni ma da ni ne, a ramin zan sa shi."

Nan hawaye ya zo mini, don na shirya wa faɗa, ban shirya wa wannan ba. Har ya rasu bai ɗanɗana kifin teku ba, kuma abin yana ci mini rai har yau. Amma ran nan gyara zama ya yi, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya ce, "To, koma baya. Faɗa mini daga inda ya fara jan zaren."