Hoton Matata da Ya Karkace

Sana'ata ta asali rubutun allon talla ce, da fenti da burushi. A da, shagunan Garki da yawa hannuna ne a goshinsu. Da injin buga fosta ya shigo, aka daina nemana, ko sallama babu. Karatuna a tsakiyar sakandare ya tsaya, ba ofishin da zai ɗauke ni. Sai na shiga wani shagon ɗab'i a Eriya Wan, na wani Bakano da na girme wa nesa ba kusa ba amma dole in ce masa oga, na koyi zane a kwamfuta da furfurata.

Allon gilashi ne ake kwantarwa a tebur, ka zana a kansa da alƙalaminsa. Zanen bai taɓa ba ni wuya ba. Yawo a cikin hoton ne masifa. A bango ƙafarka ce ke kai ka kusa, ita ke dawo da kai, kuma kullum ka san inda kake. Manhajar zanen nan kuwa, ka ce ta matso da hoto kaɗan, sai ta yi tsalle ta cusa maka hanci a tsakiyarsa, ba ma wurin da kake aiki ba. Ka ce ta ja baya, ta mayar da shi kamar kan sarki. Wanda ya ƙera ta bai taɓa hawa tsani ba, na rantse. Shi ya sa in na samu na kama wuri, ba na saki sai na gama.

Ina da 'ya ɗaya, tana jami'a a Gwagwalada. Uwarta ta rasu ba a yaye ta ba. Wani hutu ta ce mini ƙawayenta kowa na da hoton uwarta a waya, ita ko fuskar tata ba ta sani ba. Ba ta roƙe ni ba, faɗa kawai ta yi tana wanke kwano. Hoton marigayiyar guda ne a duniya: na wani suna a Uke, garinsu, tana tsaye can baya cikin mata, fuskarta ba ta fi ƙwayar wake ba.

Na shigar da shi kwamfuta, na matso da shi. Ba komai a ciki sai 'yan murabba'ai masu ruwan ƙasa. Na bar kafaɗu da mayafin yadda suke, na ce fuskar zan zana da kaina. Kullum bayan Azahar, in aiki ya lafa, in zauna. Oga ya leƙo ya ce in dai ba tawadarsa nake sha ba, ba ruwansa.

Mai rubutun bango yana dafa gefen hannunsa a jikin bangon don layi ya miƙe. Haka aka koya mana, haka hannuna ya saba. Ashe allon gilashin, in ya ji gefen hannu da ɗan yatsa tare, ɗauka yake ka ce ya juya hoton. Ya juya shi kaɗan tun ranar farko. Ni kuma ina can ciki, ba na ganin gefen hoton balle in gane. Na zana ido, hanci, baki, duk a miƙe yadda nake ganinsu. Ranar da na gama na ja baya, na daidaita hoton, sai ga kafaɗunta a tsaye, kanta kuwa ya kwanta wajen hagu.

Na zagi manhajar da wanda ya yi ta. Na yi niyyar sakewa, amma a ranar 'yar ta zo shagon tare da ƙanwar uwarta da take kira Inna, wadda ta zo asibiti daga Uke. Tsakanina da ita wasa ne tun da can, ba ta raga mini. Ta shigo tana cewa ta zo ganin tsohon mijinta da ya koma yaro, yana wasa da gilashi. Ban samu na rufe hoton ba ta gani. Ta nemi kujera ta zauna.

“Yaya ce,” ta ce. “Haka take kwantar da kai in kana zuba mata surutun da ba ta yarda da shi ba.”

Na ce mata kuskuren inji ne. Ta ce in bar ta da zancen inji, ita ta san yayarta. 'Yar kuwa ta ɗauka a waya, daga baya ta sa aka buga mata babba.

Bayan wasu watanni aka sabunta manhajar. Yanzu hoto na matsowa a hankali, daidai inda alƙalami yake. Akwai 'yar taga a gefe da ke nuna maka hoton gaba ɗaya, akwai makullin hana juyawa. Abin da ya kamata su yi tun farko, sai da suka gama da ni. Na zauna na miƙe kan, tsaf, ba inda za a kushe. Na kira 'yar na nuna mata.

Ta duba, ta ce wannan kamar matar katin shaida. Na sake gaya mata yadda aka yi, da hannuna da allon da komai.

“Baba, Inna ta ce haka take. Kai ka tuna ba haka take ba?”

Na yi zaman aure da matar nan, na ci abincinta, na bi gawarta, amma ban san ko tana kwantar da kai ba. 'Yar ta jira ni har ta gaji, ta ce za ta rasa motar Gwagwalada. Na raka ta bakin titi. Miƙaƙƙen yana nan cikin kwamfutar oga, ban buga shi ba.