Sallahun da Ban Aika Burkusuma Ba

Muna idar da sallar asuba muka bar garin Isa, ni da wani abokin aikina. Niyyata in je Burkusuma wurin tsohon malamina na Turanci. Shekara biyu yana kirana in karɓi littafin da ya rubuta da hannunsa kan asalin kalmomin intanet, don in koyar da ɗalibaina. Kullum ina cewa sai an yi hutu.

Da farko, hanya. Mota ta kai mu Sabon Birni, daga nan sai mashin, kuɗinsa ya ninka na bara. Dama da hagu gero ya tsaya iya gwiwa, ya bushe bai fid da kai ba. Sai abinci. Furar da muka sha a tasha ruwa ya rinjaye ta, har abokina ya ce da ya sani da alwala ya yi da ita.

A kan mashin ina ta tuna maganar Malam. Yakan ce Bature bai ƙera sababbin kalmomi ba, tsofaffi ya ɗaure bibbiyu. Wabsayit, saƙa ce da fili. Dawunlod, sauke kaya ƙasa, kamar daga bayan raƙumi. Fasawod, kalmar da mai gadi ke nema kafin ka wuce. Ukun nan na riƙe, sauran suna littafin.

Mun isa da hantsi, gidan Malam a rufe. Ƙanensa ya fito daga gidan da ke kusa, muka gaisa.

"Malam ya tahi kudu wurin ɗiyatai shekaranjiya. Hatsi ya ƙare muna."

Na ce ai na turo saƙo ta waya tun sati biyu.

"Wace waya? Ya saishe ta tun bazara yas sai gero. Haba Malam ƙarami, kamar ba ɗan ƙasag ga ba! Mi ya hana ka ba direba sallahu ran kasuwa? Kowace kasuwa sai ya tahi tasha ya tambayi ko an zo da maganarka."

Na tambayi littafin.

"Ya tahi da abinai. Ya ce mai so da ya zo."

Mun dawo Isa bayan la'asar. Na koyi abu biyu. Na ɗaya, a shekarar fari mutum ba ya jiran hutun wani. Na biyu, saƙon da za a aika wa dattijo a bakin mutum ake sa shi. Ranar Litinin zan shiga aji da kalma uku.