Tabon Girar Baba

Bango ɗari huɗu da goma sha biyu Yayata ta zana wa littattafan mutane kafin ta kai ga na mahaifinmu. Ni na ƙirga, don ni ke karɓar aiki a shagon, ni ke kai fayil maɗaba'a, ni kuma ke dawowa da ƙorafi. Ita zamanta gaban kwamfuta ne, a lungun da babu taga, wai hasken rana yana sa launi ya yi mata ƙarya. A layinmu Mai Bango ake ce mata. Ni kuwa Kalkuleta take ce mini tun ina makaranta.

Ba karatun zane ta yi ba. Da buga takardu ta fara a shagon wani, wasiƙun neman aiki da kundin ɗalibai. Wata rana wani dattijo ya nuna mata littafin da ya buga da kansa, wuƙar maɗaba'a ta fille rabin harafin ƙarshe na sunansa a kowane kwafi. Abin ya tsaya mata a rai. Ta riƙa zuwa wajen masu inji tana tsayawa tana kallo, har suka gaji da korarta suka ba ta kujera. A can ta koyi cewa ana bar wa wuƙa rarar milimita uku a kowane gefe, kuma shuɗin da ke sheƙi a allo yakan fito a takarda kamar an wanke shi sau goma. A can ta koyi cewa faɗin ƙashin bayan littafi ba a cankarsa, daga yawan shafi da kaurin takarda ake fitar da shi. Har yau ba ta taɓa aiki sai marubuci ya rantse ba zai ƙara ko layi ɗaya ba. "Ba a yanka yadi kafin a auna mai riga," in ji ta.

Masu zuwa wajenmu duk da kuɗinsu suke buga littafi: malaman makaranta da suka yi ritaya, mata masu rubuta labarai, har da wani mai kiwon kaji. Bakwai cikin goma so suke hotonsu ya cika gaba.

"Malam, littafi ka rubuta ko takara za ka tsaya?" Yaya kan tambaya ba tare da ta juyo ba. Su yi dariya, su yarda a mai da hoton baya.

Baba direban motar asibiti ne har ya ajiye aiki. Bayan nan ya zauna yana ba da labarin abin da ya gani a hanya, Yaya tana bugawa. Shafi ɗari da tamanin da shida. Ya duba na ƙarshe, ya ce ya isa, amma bai ga bango ba Allah Ya karɓi abinsa. Umma abu ɗaya ta roƙa: a sa fuskarsa a gaba, jikokinsa su san wanda ke magana.

Nan gizo ke saƙa. Baba ba mai son hoto ba ne. Muka birkice akwatuna, muka tambayi dangi, abin da ya fito guda ɗaya ne, tsohon hoton ma'aikatan asibiti a bakin ƙofa. Mutum ashirin da bakwai. Baba yana can ƙarshen dama jikin motarsa, kansa bai kai farcen ɗan yatsa ba.

Yaya ta sa hoton a sikana ya shiga kwamfuta, ta ciro fuskar, ta buɗa ta. Sai ta watse ta zama ɗigo-ɗigo, ido da gira suka haɗe. Amma akwai wata manhaja da take amfani da ita, wadda in ka ba ta fuska dishi-dishi sai ta cike gurbin ta fito da ita tar. Ta yi wa mutum talatin da ɗaya haka, ba wanda ya dawo da ƙorafi. Da ta danna, sai ga Baba yana kallonmu, har ana ganin furfurar gemunsa. Yaya ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗora suna, ta gyara launi.

Ni kuma na kama nawa. Na sayi takarda, na samo mana gurbi a maɗaba'a. Mai injin ya gaya mini ƙarara, in muka wuce ranarmu zai ɗora aikin jarrabawa, sai dai mu jira bayansa. Na ce ba za mu wuce ba. Na karɓo kwafin gwaji, muka nufi gida da la'asar.

Umma tana falo tana ninke wanki. Ta sa tabarau, ta riƙe takardar kusa, ta mai da ita nesa.

"Wannan bawan Allah ɗan wa ne?"

"Umma, Baba ne mana," na ce.

"Ya dai yi kama da shi. Kamar wani ƙaninsa da ya ji daɗin duniya." Ta sake dubawa. "Ina tabonsa?"

Tun kafin a haife mu gilashin mota ya tsaga wa Baba gira, gashi bai sake tsirowa a wurin ba. Manhajar ta ɗauka datti ne a jikin hoto, ta share, ta shimfiɗa masa gira biyu lafiyayyu. Mu kuma, 'ya'yansa biyu, mun kalli fuskar nan har mun yi hawaye, ba wanda ya lura.

"Ƙaramin aiki ne," in ji Yaya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Zan mayar da shi. A girar dama yake."

"Hagu," na ce.

"Dama dai, Kalkuleta."

"Wallahi hagu ne, Yaya."

Muka juya ga Umma. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta ɗora yatsa a girarta ta hagu, ta ja shi a karkace zuwa sama. Sannan ta ajiye takardar a kan wankin ta ce, "Shekara nawa kuna zama gabansa."

Washegari na tarar Yaya ta riga ni shago. Na zaci tabon take zanawa, sai na ga ta cire fuskar gaba ɗaya. Na fara lissafi da ƙarfi: takarda tana ajiye, gurbinmu jibi ne, tabo ɗaya bai fi aikin ɗan lokaci ba, kuma yanzu mun san gefen.

"Mun san gefen," ta ce. "Kunnen fa? Haƙoran fa? Tunda kai ne mai ƙirga, faɗa mini, a fuskar nan ɗigo nawa ne na Baba, nawa ne na inji?"

Na ce to ai Umma fuska ta nema.

"Fuskarsa ta nema."

Sai ta ɗauko hoton ma'aikatan dukansa, ta buɗa shi ninki biyu kawai, iyakar abin da zai iya ɗauka bai watse ba. Ta shimfiɗa shi tun daga bayan littafin, ya haye ƙashin baya mai milimita tara da ɗigo uku, ya zo gaba. Likitoci da manyan ma'aikata suka faɗa baya da tsakiya. Gaba ya zama na masu shara, masu gadi, motar, da Baba. Matsala ɗaya: mai hoton ya yanke shi daidai gwiwar hannun Baba, wato inda wuƙa za ta sauka. Yaya ta zauna tana kwafo katangar asibitin daga saman kansa, tana ƙara ta a gefensa bulo bayan bulo, har ta samu milimita takwas, uku na wuƙa, biyar na tsaro. Katangar nan kaɗai ta yarda ta ƙirƙira. Fuskar ba ta taɓa ba.

Ranar yankan littafin Umma ta ce sai ta je. Ba ta taɓa shiga maɗaba'a ba. Warin tawada ya sa ta rufe hanci, mai injin ya kakkaɓe mata kujera yana cewa, "Mama, ki yi haƙuri da ƙurarmu." Ya jera kwafi goma na farko, ya daidaita su da tafin hannu, ya dubi Yaya.

"Mai Bango, mutumin nan yana bakin rami fa. In hannunsa ya tafi ba ruwana."

"Auna ka gani, Oga. In ya tafi, wuƙarka ce ta karkace."

Ya taka fedar injin, wuƙar ta sauko, siririn zaren takarda ya zube ƙasa. Ni na fara kai hannu. Gwiwar hannun tana nan, da ɗan filin katanga a gefenta. Na miƙa wa Umma.

Kan Baba a bangon bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ido ba ya fita sosai, tabon ma ɗan haske ne kawai a kan girar hagu, sai wanda ya sani. Umma ta laluba jakarta ba ta ga tabarau ba, ta baro shi a gida. Na ce bari in ruga in ɗauko.

"Bar shi," ta ce. Ta riƙe littafin iya tsawon hannunta. "Ga shi nan ya dafa ƙofar mota, ya sauke kafaɗa ɗaya. Ko daga ƙarshen layi na hango wannan tsayuwar, na san in ɗora ruwan wanka."

Yaya ta juya ta ce wa mai injin ya ci gaba da sauran.