Malam Bukari da Layar Amurkawa

"To wace ce ta ƙarshen? Jar motar nan ma cewa ka yi ita ce ta ƙarshe!"

"Hajiya, kujera ɗaya ta rage."

"Gwiwarka ma ɗaya ta rage, Malam!"

Haka na tarar da Hajiya Zakiyya da maigidanta Malam Bukari ranar Asabar a garejin Aubervilliers. Kwaɗon zogale na kai musu, amma na ja benci na zauna, don faɗan mutanen nan ya fi telebijin daɗi. Maganar dai ɗaya ce. Likita ya hana shi durƙuso, 'yarsu Raliatou ta gyara musu ɗaki a Lyon, Hajiya ta ɗaure kaya, shi kuwa ya ƙi ajiye basilla.

Wanda bai san shi ba, ya tsaya bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, bayan sallar asuba. Zai ga wani dogon Badamagare da hular sanyi da butar shayi a hammata, yana ɗan ɗingishi. Shi ne. Aikinsa ɗinkin kujerun tsofaffin motocin Amurka, masu dogon hanci da ƙugi kamar hadari, waɗanda Turawa ke riritawa fiye da 'ya'yansu. Ya kwance kujera, ya cire ruɓaɓɓen soso, ya shinshina fata, ya yi bisimilla, ya hau ɗinki. Ba ya ɗaga kai sai azahar.

Ɗan dukawa ne. Tun yana ƙarami a Zinder yake taya mahaifinsa ɗinke wa mutane laya. Shi ya sa a shekararsa ta farko a garejin, da ya kifa wata kujera ya ga takarda a ninke, ta yi ja don tsufa, an cusa ta cikin ƙarafa, sai ya ɗauka laya ce. Ashe Amurkawa ma suna neman tsari! Bai buɗe ba, don ɗan dukawa ba ya karanta layar wani. Ya yanko fata mai laushi, ya ɗinke ta tsaf, ya mayar inda ya same ta.

Da mai motar ya zo, wani Bature mai kantin magani, Malam ya ja shi gefe ya raɗa masa: "Layarka tana nan, ban taɓa ba." Suka yi ta zancen kurame har aka farke ɗinkin. Ashe takardar kamfani ce. Ranar da ake harhaɗa motar, ita ke gaya wa ma'aikata irin inji da launin fenti da kujerun da za a sa, in sun gama wani ya cusa ta nan ya manta. Mu'awiya makanike yana wurin, ya ce Baturen nan ya rungume Malam yana hawaye, don ya daɗe yana son sanin ko injin nan da shi aka haifi motar. 'Yan gareji sun yi dariya har da riƙe ciki, kuma har gobe Mai Laya suke ce masa.

Shi bai ji kunya ba. Cewa ya yi, ko ba laya ba ce, hannun wani mai neman abinci ya taɓa ta, amana ce. Tun daga nan ba kujerar da ya kwance bai lalube ta a hankali ba, har ƙarƙashin kafet da bayan ƙofa. Wata takardar ta zo ɓera ya cinye rabinta, ya tattara gutsattsarin da gashin kaza ya jera a kan gilashi. Wata matar mamaci ta kawo motar mijinta za ta sayar, ya miƙa mata takardar, ta zauna a bencin nan nawa tana shafa ta, ta fasa sayarwa.

Kai ne, Malam Bukari, baduku ɗan baduku, mai ɗinkin da ba ya warwarewa. Ba ka taɓa tuƙa ko ɗaya cikin motocin nan ba, a metro kake komawa gida, amma kai ka riƙe musu asalinsu. Mun gode. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya saka da alheri. Ku kuma yaran yanzu masu yage abu kafin ku duba, ku je ku ga yadda ake riƙe kayan mutane.

To, mu koma ga faɗa. Malam ya soke basilla a soso ya ce, "Shi ke nan Hajiya, ƙarshen wata mu tafi Lyon."

Hajiya ta saki baki. Ni kuwa bakina ba ya riƙe ruwa. Na ce, "Ai dole ya yarda, tunda surukinku Hanif ya samo masa wani gareji a can. An ce akwai baƙar mota, ba a taɓa kwance kujerarta ba."

"Yaya Sabuwa!" in ji Malam, yana hararata.

"A zaune zan yi, Hajiya," ya ƙara da ƙaramar murya. "Sun ce za su ɗora mini kujerar a tebur."

Hajiya ta dube shi, ta dube ni. Ta sunkuya ta ɗauki akwatin basillunsa ta rungume.

"Ni zan shirya wannan, kai sai ka karya su a hanya. Kuma wallahi in na ga gwiwarka a ƙasa, kai zan ɗinke cikin fata in cusa ƙarƙashin kujera!"

Ta fita, ta buga ƙofa garam.